Wasiƙar Kawu kan ban ruwan ayaba

Kai ɗan nan, ka ba ni dariya. Wai ko camfi ne ya sa manya suka hana ba ayaba ruwa da tsakar rana? Amma da na ji ka ce kana sakar mata mesa tun safe har azahar, sai dariyar ta tsaya.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, yakan ce ayaba 'yar sarauta ce: tana son sha, ba ta son kwana da ƙafa cikin ruwa. Saiwarta ba ta nisa, yawancinta bai wuce kamu ɗaya a ƙasa ba. Ruwa ya kwanta mata kwana biyu, gindi ya fara ruɓa, ganye ya yi rawaya, kai kuma ka ɗauka ƙishi ne ka ƙara.

Shekarar farin 1973 rijiyar lambunsa a nan Daura ta ja baya har jigo ya daina kai wa ruwa. Guga yake zurawa bayan asuba, ya bi gindi gindi, sannan ya rufe da busasshen ganyenta da karan dawa, kauri kamar tafin hannu. Na maƙwabta suka ƙone. Nasa suka yi nono, ƙanana dai, amma sun yi. Ku yanzu da inji ya zo, kun daina duba ƙasa.

Yi wa ayabar kwami zagaye, taku ɗaya daga gindi, kada ruwa ya riƙa dukan jikinta. Tura yatsa cikin ƙasa. In ka ji danshi, ƙyale ta. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, a ƙasarmu mai rairayi, ba kowane gindi jarka biyu, kowacce mai lita 25, duk bayan kwana biyu. Da hunturu girmanta yana ja baya, kwana huɗu ko biyar ya isa. A fadama mai laka ka ƙara tazara. Da damina aikinka buɗe wa ruwa hanya ne.

Ganye ya lanƙwashe da rana ba komai. In ka tarar da shi haka da sassafe, ƙishi ne. Lokacin fitar da nono kada ka yi mata fashi, in ba haka ba ya maƙale a wuya ko 'ya'yan su tsumbure. 'Ya'yan gindi kuma bar biyu, babba da ƙarami, sauran shanye mata ruwa suke yi.

Maganar tsakar rana, je ka zuba bokiti ɗaya a rairayi da azahar, ka dawo da la'asar ka tona. Ka gaida babarka.