Fid da gwani, masalaha da ɗauki-ɗora: amsoshin wasiƙunku

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan kalmomin zaɓen cikin jam'iyya suka zo, musamman na neman tutar takarar shugaban ƙasa. Na haɗa masu kama da juna wuri ɗaya.

Daga Misau: Allah gafarta Malam, wanne ne daidai, "fidda gwani", "fid da gwani" ko "fitar da gwani"?

Na biyu da na uku duk daidai ne. "Fid da" taƙaitaccen "fitar da" ne, kamar yadda sayar da ke komawa sai da, tsayar da ta koma tsai da, mayar da ta koma mai da. "Da" ɗin nan kalma ce mai zaman kanta, don haka raba ta ake yi a rubutu. In lamiri ya biyo baya kuma akan ce "an fisshe shi". Mai rubuta "fidda" kunnensa ya bi, bai bi ƙa'ida ba.

Daga Kumo: Malam, shin ƙato-bayan-ƙato da 'yar tinƙe abu ɗaya ne? Su ne kuma zaɓen kai tsaye?

Na farko da na biyu abu ɗaya suke nufi a bakin 'yan siyasa. Amma daidaita su da zaɓen kai tsaye kuskure ne da ya zauna a bakin masu sharhi, har ya fara shiga labaran rediyo. Abubuwa biyu ne daban. Zaɓen kai tsaye yana magana ne a kan wanda ke da ikon zaɓe: duk mai katin jam'iyya, ba wakilai kaɗai ba. Ƙato-bayan-ƙato kuwa yana magana ne a kan yadda ake ƙirga mutane. A je filin makarantar firamare ta mazaɓa, wakilin kowane mai neman takara ya tsaya riƙe da hotonsa, jama'a su ja layi a bayansa, jami'i ya bi yana dafa kafaɗa yana ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji. Ana iya yin zaɓen kai tsaye da ƙuri'a a akwati ba tare da layi ba, ana kuma iya jera wakilai ɗari kacal su yi 'yar tinƙe.

Sunan kansa ya faɗi aibin tsarin. Ƙato aka ce, domin a wannan layin mai ƙarfi da mai bakin magana su ke gaba. Ɗan haya ba zai tsaya a layin da ya saɓa wa na mai gidan ba alhali yana kallonsa. Sai matsalar rajista: in littafin 'yan jam'iyya ba tsayayye ba ne, duk wanda aka kwaso a mota ya zama ɗan jam'iyya a ranar. A 2018 APC ta tsai da Muhammadu Buhari ta zaɓen kai tsaye, shi kaɗai ne a takarar, aka sanar da ƙuri'a sama da miliyan 14. Shi ɗin ne kuma a Disambar 2021 ya ƙi sa hannu a ƙudurin da ya so tilasta wa jam'iyyu wannan hanya ita kaɗai, ya kawo hujjar tsada da tsaro da 'yancin jam'iyyu. Sai da aka dawo da hanyoyi uku, kai tsaye da ta wakilai da masalaha, sannan ya sa hannu a Fabrairun 2022.

Daga Ningi: "Daliget" Hausa ce?

Ta zama, tunda ana jam'inta ana cewa daliget-daliget, mai shayi ma ya san ta. "Wakili" ta fi ta kyau, sai dai faɗinta ya yi yawa: wakilin ango ma wakili ne. A rubutu a ce "wakilan jam'iyya masu zaɓe" sau ɗaya, daga nan a ci gaba da "wakilai". A 2022 APC ta ɗauki uku daga kowace ƙaramar hukuma, wato 60 daga Bauchi mai ƙananan hukumomi 20, da 33 daga Gombe mai 11. PDP ɗaya-ɗaya ta ɗauka.

Daga wata malamar makaranta a Azare: Malam, ina jin ana cewa "an yi masalaha", wasu kuma su ce "ɗauki-ɗora aka yi", alhali abu ɗaya ake ba da labari. Ina bambancin?

Malama, kin taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Masalaha, ko maslaha ga mai son kusantar Larabcinta, tushenta ɗaya da sulhu da islahi: gyara, da abin da zai amfani kowa. Bahaushe ya san ta tun kafin jam'iyya. Magada in suka ga raba gida zai lalata shi, sai su zauna a yi masalaha, ɗaya ya riƙe gidan ya biya sauran, kowa ya tashi da yardarsa. Yardar nan ita ce ran kalmar. In aka cire ta, sai dai a nemi wani suna.

Sunan kuwa akwai shi. Ɗauki-ɗora fi'ili biyu ne aka harhaɗa, kuma ki lura duka biyun aikin hannu ne da ake yi wa kaya. Buhu ake ɗauka a ɗora wa jaki, ba a tambayar buhun, ba a tambayar jakin. Wanda ya ƙirƙiro wannan kalma ya gama sharhi a cikin gaɓa huɗu.

Dokar zaɓe ta 2022 ma, a sashe na 84, ma'anar Bahaushe ta bi. Kafin a kira mutum ɗan takarar masalaha, sai duk waɗanda aka tantance sun rubuta cewa sun janye da son ransu kuma sun amince da shi. In mutum ɗaya ya ƙi sa hannu, magana ta tashi, a koma zaɓe. Ko an samu sa hannun kowa, sai an kira taro na musamman an tabbatar. To auna abin da ya faru da wannan ma'auni. A Afrilun 2022 masu neman tutar PDP huɗu daga Arewa, Bala Mohammed da Bukola Saraki da Aminu Tambuwal da Mohammed Hayatu-Deen, suka shiga neman fid da ɗaya a cikinsu. Dattijon Arewa Farfesa Ango Abdullahi ya sanar da sunaye biyu, Bala Mohammed da Saraki, Tambuwal ya ce bai yarda ba. Wannan yunƙurin masalaha ne da bai nuna ba. A watan Yuni kuma, ana jajibirin zaɓen APC, shugaban jam'iyyar Abdullahi Adamu ya ambaci Ahmad Lawan a matsayin ɗan masalaha, sauran masu nema ba su sa hannu a komai ba, gwamnonin Arewa na jam'iyyar suka ƙi. Da aka je akwati a Dandalin Eagle, Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, Yemi Osinbajo 235, Lawan 152. Abin da ake kira masalaha ba ya ƙarewa da irin wannan lissafi.

Abin da nake roƙon 'yan jarida shi ne kada su ari bakin mai sanarwa su ci masa albasa. In ba su ga yardar kowa ba, su rubuta "ya ce an yi masalaha". Kalma ce mai daraja, da ita ake sasanta aure da gado da rikicin gona, kuma in aka saba jin ta a kan tilas, ranar da dattijo zai ce "a zo a yi masalaha" yara za su ɗauka danniya ake shiryawa.

Daga Bajoga: Janyewa fa, ita ma masalaha ce?

A'a. Janyewa aikin mutum ɗaya ne. Daren 28 ga Mayun 2022 a Abuja, a zaɓen fid da gwanin PDP, Tambuwal ya sake hawa mumbari bayan ya riga ya yi jawabinsa, ya ce magoya bayansa su zaɓi Atiku Abubakar. Wike da Saraki ba su janye ba, aka kaɗa ƙuri'a: Atiku 371, Nyesom Wike 237, Saraki 70. Kuma a ce "ya janye wa wane", ba "ya janye ma takara" ba.

Daga Dukku: Karɓa-karɓa?

Daga karɓa-karɓar aiki ko ɗaukar kaya: in wannan ya gaji wancan ya karɓa. Maimaita kalmar shi ke nuna abin zagayawa yake yi. PDP tana da shi a kundinta, amma a Mayun 2022 ta buɗe takarar ga kowane yanki.

Daga Darazo: Malam, mene ne bambancin zagon ƙasa da sauya sheƙa, kuma wace karin magana ta dace da jam'iyyar da ta fito daga fid da gwani a rabe?

Sheƙa gidan tsuntsu ne. Wanda ya sauya sheƙa ya tashi a fili ya koma wata bishiya, kamar Peter Obi da ya bar PDP 'yan kwanaki kafin zaɓenta ya koma Labour. Mai zagon ƙasa kuwa yana nan cikin gida, hularsa da tutarsa na jam'iyya. Zago ɗan'uwan gara ne, ta ƙasa yake ci, azara tana tsaye kamar lafiya lau sai ranar da aka jingina da ita. Saboda haka ba kowane mai adawa daga ciki ne mai zagon ƙasa ba, sai in a ɓoye yake yi. Gwamnoni biyar na PDP, na Ribas da Oyo da Binuwai da Abiya da Inugu, a bainar jama'a suka ce sai shugaban jam'iyyar Iyorchia Ayu ya sauka ya ba ɗan Kudu shugabancin jam'iyya tunda ɗan takara daga Arewa ya fito. Wannan bore ne, ko tawaye, ko ka ce sun ja daga. Ayu bai sauka ba kafin zaɓe, Atiku kuma bai ci ko ɗaya daga jihohin nan biyar ba a 2023.

Karin maganar da kake nema ita ce "sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga". Na ji wasu na sa "da ɗan gari akan ci gari" a nan, amma ita tana buƙatar a ce wani na ciki ya haɗa baki da na waje, ba rabuwar kai kawai ba. "Angulu da kan zabo" kuma ta yaudara ce, a nuna maka kai na halal alhali gangar jikin mushe ne, don haka a ajiye ta ga wanda ke yawon kamfe da ku da rana, da dare yana taro da wasu.

Daga Toro: Tikiti ko tuta?

Tuta. Ita ake miƙa wa mutum a hannu a gaban taro, ita yake ɗagawa. Tikiti na mota ne da jirgi, amma ya riga ya shiga, ba zan ce wanda ya faɗe shi ya yi kuskure ba.