Me ya sa fatalwar tsoffin finafinan Ingila ba ta ba da tsoro?

Tambaya: Salam Malam. Kwanaki na ci karo da wani tsohon fim na Turawan Ingila a YouTube, wai shi Blithe Spirit, na ga an ce fim ɗin fatalwa ne, na kashe fitila na shirya jin tsoro amma wallahi dariya na yi ta yi har ya ƙare. Dama haka suke yin finafinan fatalwarsu a da, ko wannan ne kawai ya fita daban? Daga wani mai bibiyarmu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ba shi kaɗai ba ne, yayi ne guda aka yi a Ingila daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu zuwa farkon shekarun 1950, kuma ka yi sa'a da gwanin cikinsu ka fara. David Lean ne ya ba da umarninsa a 1945, daga wasan dandamali da Noël Coward ya rubuta a 1941 ana tsaka da yaƙi.

Ga wanda bai gani ba, labarin kishi ne zalla. Wani marubuci matarsa ta fari ta rasu ya sake aure, sai ya gayyato wata tsohuwa mai da'awar magana da matattu, Madame Arcati, don kawai ya samu abin sakawa a littafinsa, ashe abin zai kama da gaske, sai ga marigayiya Elvira ta dawo ta tare a falo, shi kaɗai ke ganinta, yana mayar mata da magana amarya na ɗauka ita yake wa rashin kunya. Kishiya mai rai ma ya aka ƙare, balle wadda ba ka gani. Elvira ta je ta taɓa motar mijin don ya mutu ya biyo ta, sai amaryar ce ta shiga motar, shi ke nan fatalwa ta zama biyu. Ni dai Margaret Rutherford, wadda ta fito a Madame Arcati, ita ce fim ɗin a wurina, tsohuwa a kan keke tana ɗaukar kiran ruhohi kamar wani aikin ofis.

Dalilin rashin tsoron kuwa, ka duba su waye 'yan kallon. Ruwan bama-baman da Jamus ta yi wa biranen Birtaniya a 1940 zuwa 1941 kaɗai ya kashe fararen hula sama da 40,000, ban da sojojin da suka tafi ba su dawo ba. Mutumin da ya tono maƙwabcinsa daga ɓaraguzan gida ba ka da gawar da za ka tsorata shi da ita. Abin da yake so a nuna masa shi ne wanda ya mutu ɗin yana nan da halinsa, da mitarsa da son hirarsa, bai yi nisa ba. Kuma sinima ce hutun kowa a lokacin, a 1946 an sayar da tikiti kusan biliyan 1.6 a ƙasar, ba a taɓa kai haka ba kafin nan ko bayan nan. Ga hukumar tace finafinai ita ma ta riƙe finafinan ban tsoro daga 1942 har yaƙi ya ƙare, to ka ga ƙofar raha ce a buɗe.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika lura da shi ba, fatalwar Ingila kusan kullum mai gida ce. Ba a bakin maƙabarta take tare mutane ba kamar yadda muke ji a labaran dare, tana da adireshi. A The Ghosts of Berkeley Square na 1947, Robert Morley da Felix Aylmer sun fito a wasu hafsoshin soja na ƙarni na 18 da suka faɗa tarkon da suka haƙa wa wani, aka yanke musu hukuncin zama a gidan har sai wani daga gidan sarauta ya kawo ziyara, suna nan masu haya suna shigowa suna fita sama da shekara ɗari biyu. A Castle in the Air na 1952 kuma wani basarake ne a Sikotilan talauci ya ci ƙarfinsa, hukumar kwal ta gwamnati na neman karɓe fadarsa, wata Ba'amurkiya mai kuɗi na son saye, fatalwar gidan na ta yawonta ba wanda ta dama. Wannan zolaya ce ga manyan gidaje, lokacin gwamnatin jam'iyyar ma'aikata ta Labour ta hau a 1945, harajin gado ya yi nauyi, masu sarautar gargajiya suna sayar da gidajen kakanninsu ko su buɗe wa 'yan yawon buɗe ido su biya su shiga. Fatalwar ita ce tsohon zamani da ya ƙi tashi daga kujera.

Ta fannin aiki kuma, koren nan da ka gani a jikin Elvira yawanci kwalliya ce da kaya da hasken fitila, ba kwamfuta ai a lokacin, kuma fim ɗin ya ci kyautar Oscar ta dabarun hoto. Idan ka kalli kwafi mara kyau koren sai ya koma kamar mai ciwon shawara, ka nemi wanda aka gyara.

Gaskiya ba duka ne suka tsufa da kyau ba. Na Berkeley Square yana da jan jiki a tsakiya, kuma yadda yake nuna baƙin da ba Turawa ba zai iya ɓata maka rai. In za ka ci gaba ka nemi Dead of Night na 1945, labarai ne da yawa a fim ɗaya, akwai na wasu 'yan wasan golf biyu mai ban dariya, amma wannan kam kar ka kashe fitila, sauran labaran ba wasa a cikinsu. Yayin ya lafa ne da kamfanin Hammer ya fito da The Curse of Frankenstein a 1957, jini ja a kala, matasan da ba su san yaƙi sosai ba suka yi layi.