Abin da za ka rubuta wa na'urar kafin ka sake ta kan aiki

Kai yaro, ka ce in gaya maka me ake zubawa a CLAUDE.md, fayil ɗin umarnin da Claude Code, na'urar AI mai rubuta manhaja, ke karantawa kafin ta fara aiki. Yadda ake buɗe shi ba zan ɓata bakina a kai ba. Buga /init, Claude Code zai leƙa aikin ya tsara maka na farko. Masu amfani da Codex, wata na'ura irinta, nasu fayil ɗin AGENTS.md ne. Wanda wannan ya gagara ya nemi wata sana'a.

Na'urar nan tamkar sabon ɗan aiki ce da ke wayar gari ya manta jiya. Harsunan rubuta manhaja irin su Python da JavaScript ta fi ka sani, amma al'adar gidanka sai abin da ta tarar a fayil ɗin.

Akwai wani Alhaji mai babban kanti a Wuse 2 da na haɗa wa manhajar sayayya ta intanet. Kamfanin da ke karɓar mana kuɗi da kwabo yake lissafi, naira ɗaya kwabo 100. Mu kuwa naira muke ajiyewa a rumbun bayanai, sai wani ɗan layi a cikin manhajar ya ninka da 100 kafin a tura. Na tafi Jos ɗaurin aure, na bar wa wani irinku gyaran shafin biyan kuɗi. Bai rubuta wa na'urar ko harafi a fayil ɗin ba, cewa kawai ya yi ta share abin da ba shi da amfani. Ta ga ninkin, ba wanda ya ce mata ga dalilinsa, ta cire. Shi kuma gogan naka bai duba ba, ya tura, ya koma TikTok. Kayan naira 50,000 aka riƙa ɗauka a 500. Ka san mutanenmu da WhatsApp, kafin Litinin masu babur sun gama rabon kaya.

Alhaji ya riƙe cikon kuɗina, har da na wani aikin da na gama masa tuni wanda ko kusa bai shafi wannan ba. Wai asara ce ta ci. Kuma wallahi har yau da manhajata yake ciniki. Layi guda ne fa da ya hana wannan: "Farashi a naira yake a rumbu, a kwabo ake turawa, kada a taɓa ninkin."

To irin wannan za ka rubuta. Ka ƙara umarnin da ake gwaji da shi, ka ce ta yi gwajin kafin ta ce ta gama, ka lissafa wuraren da ba a taɓawa sai da izini. Kalmar sirri da makullin API (lambar sirrin da manhaja ke shiga wata da ita) kada su shiga, fayil ɗin git yake tafiya, wato ma'ajiyar aikin da ake haɗa hannu a kai, duk mai shiga zai gani. Kuma ka taƙaita. Duk zaman da ka buɗe sai ta karance shi kaf, in ka cika shi da tarihin kamfani da "ki rubuta aiki mai kyau", layin kwabon zai nutse a ciki.

Je ka rubuto ka kawo min kafin la'asar. In ya wuce shafi guda ba zan karanta ba.