Kuka gaban Allah ba rashin bangaskiya ba ne

'Yar'uwa, sannu da haƙuri. Kin ce maigida ya rasa aiki, yaro na asibiti, kina tambaya ko ƙorafi ga Allah rashin bangaskiya ne. Ko kaɗan. A Zabura 13, sau huɗu Dawuda ya ce "har yaushe?" Manzo Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa wata wahala da ya kira ƙaya a jikinsa, ba a cire ba. Masu cewa zunubinki ne ya jawo kuwa, haka abokan Ayuba suka ce, Allah ya tsawata musu.

Sai dai kada ki ƙunshe wannan damuwa ke kaɗai. Da masaƙun Kakuri a Kaduna suka rufe, na ga gidajen da mudun masarar zumuntar mata ya riƙe. Ki gaya wa shugabar zumuntarku kuɗin maganin kafin Lahadi.