Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Jafan, game da bikin aure da bukukuwan gari

Assalamu alaikum ƙanena. Na ga saƙonka, kuma ina taya ka murnar samun gurbin karatu a Tokiyo. Ka tambaye ni ko mutanen da suka cika birninsu da dogayen benaye da jiragen ƙasa har yanzu suna riƙe da al'adunsu na aure da bukukuwa, kuma ko Musulmi baƙo zai iya halarta ba tare da ya taɓa addininsa ba. Suna riƙe da su ƙwarai, sai dai a nan biki yana tafiya ne da gayyata da agogo da lissafi, don haka wanda ya zo da tunanin bikin gida, inda mai wucewa ma ake zuba masa abinci, zai sha mamaki.

A dokar Jafan aure ba a wurin ibada yake ƙulluwa ba. Takarda ce ango da amarya suke cikewa, shaidu biyu su sa hannu, a miƙa ta ga ofishin hukumar gari, shi ke nan sun zama mata da miji. Ɗaurin aure irin na addinin Shinto, wanda baƙi ke ɗauka ya kai shekara dubu, bai yaɗu ba sai bayan auren yarima mai jiran gado Yoshihito a 1900. Idan kana so ka gani da idonka, ka je wurin ibadar Meiji Jingu kusa da unguwar Harajuku a Tokyo da hantsin Asabar ko Lahadi. Za ka ga malaman Shinto a gaba, amarya tana biye cikin farin kimono, rigarsu ta gargajiya, da ake kira shiromuku, an riƙe mata babbar jar laima, dangi suna tafe a bayansu a jere, babu guɗa babu kiɗan kalangu, sai ƙarar takalma. Na daɗe a tsaye ranar da na fara gani, domin natsuwar ta shige ni. A ciki ango da amarya suna kurɓar giyar shinkafa daga ƙoƙuna uku, kuma wannan ɓangaren yawanci na dangi ne kaɗai. Duk da haka matasa da yawa sun fi zaɓen farar riga irin ta Turawa a ɗakin da aka ƙawata kamar coci a cikin otal, alhali Kiristoci ba su wuce kusan ɗaya cikin ɗari na mutanen ƙasar ba.

Inda za a gayyace ka shi ne walima, kuma a nan nake so ka kula sosai. Katin gayyata yakan iso tun saura wata biyu, tare da wani ƙaramin kati da za ka mayar da amsa, domin an ƙidaya kujeru kuma an rubuta sunanka a kan taka. Ba a tafiya da aboki, komai kusancinku. Gudummawar aboki yawanci yen 30,000 ce, kuɗin da ba ƙarami ba ne ga ɗalibi, kuma sai sababbin takardu daga banki, a cikin ambulan na musamman da ake sayarwa har a shagunan unguwa. Ana guje wa adadin da lambarsa ta farko take rabuwa biyu daidai, saboda camfin rabuwa, haka nan huɗu da tara. Lokacin da abokin aikina ya gayyace ni, na rubuta a katin amsa cewa ba na cin naman alade kuma ba na shan giya. Da na zauna sai na tarar an shirya mini kifi, an ajiye ruwan lemo a gabana, kuma da aka ɗaga kofuna na ɗaga nawa, babu wanda ya dube ni sau biyu. Abin da ke ɓata musu rai shi ne a yi shiru sai ranar, bayan an riga an biya kuɗin kowane faranti.

Bukukuwan gari kuwa ƙofarsu a buɗe take. Bikin Sanja Matsuri na unguwar Asakusa da ke Tokyo a watan Mayu yana fitar da kusan mikoshi 100, wato ƙananan ɗakunan ibada da ake ɗauka a kafaɗa, Gion Matsuri na Kiyoto kuma ana danganta asalinsa da shekarar 869, lokacin da aka yi roƙon yayewar annoba. Amma ni wanda ya fi amfanata shi ne ɗan bikin unguwarmu, wanda ƙungiyar maƙwabta ke shiryawa da bazara. Tsofaffi ne ke riƙe da shi, kuma hannu yana ƙaranci, matsalar da ta sa aka kawo ƙarshen tsohon bikin Somin-sai na haikalin Kokuseki a lardin Iwate a 2024. Saboda haka suna murna da saurayi mai ƙarfi, kuma ba mamaki su miƙa maka rigar biki su ce ka sa kafaɗa a ɗauki mikoshin unguwa.

Ni ban ɗauka ba, domin a aƙidarsu abin bautarsu ne ke cikin mikoshi, kuma na gaya wa dattijon da ke shugabantar ƙungiyar haka cikin ladabi. Bai ja maganar ba, ya ce to in raba wa masu ɗauka shayin sha'ir mai sanyi, in kuma taimaka wajen kwance rumfuna da kwashe shara da dare. Tun daga ranar matan layinmu suka fara amsa gaisuwata da sunana, bayan shekara guda ina wuce su muna sunkuyar da kai kawai.

Idan kana da shakka kan iyakar abin da ya halatta, ka tambayi malamai a masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara ranar Juma'a. Ka kuma taho da babbar rigarka da hula, domin a walima suna girmama kayan gargajiya. Ka dai sanar da ango tun da wuri cewa ita za ka sa.