Ɗana ba ya jin daɗin waƙa sai ya ƙure sauti

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ɗana ɗan shekara 17 kullum kunnensa a toshe yake da waƙoƙin zamani, ni kuwa in ba kalangu ko kukuma ba, duk hayaniya ce a wurina. Ya ce in bai ƙure sauti ba, ba ya jin daɗi, wai kunnensa ya saba. Yanzu da dare yana kukan kunnen na yi masa ƙugi. An ce in ɗiga masa man zaitun. Me ke damunsa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bambancin zaɓinku ba ciwo ba ne. Ƙwaƙwalwa ta fi son kiɗan da take iya hango inda zai faɗa, kuma abin da mutum ya sha ji a ƙuruciya shi ya fi zaunawa. Ke kin tashi da kalangu mai bin karin harshen Hausa, shi kuma ya tashi da kiɗan kwamfuta.

Abin tsoron shi ne wannan magana ta "kunne ya saba", wadda direba da mai injin niƙa da mai kiɗan biki duk suke maimaitawa. Kunne ba ya sabawa da ƙara, lalacewa yake yi. Can ciki, a sashen nan mai siffar dodon koɗi, akwai ƙwayoyi masu gashi kusan 16,000, kuma wadda ta mutu ba ta sake tsirowa. Ji na raguwa, yaro na ƙara sauti, ɓarna na ƙaruwa, shi kuwa yana ganin ƙwarewa ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade desibel 80 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa 40 a mako a matsayin iyaka ga babba. A desibel 90 awa 4 ne kawai, a 100 kuwa minti 20, kuma waya a ƙure takan kai nan. Ƙugin da yake ji da dare gargaɗi ne.

Man zaitun fa? Ko kusa ba ya isa inda ɓarnar take, a bakin dodon kunne zai tsaya. In akwai huji a dodon, sai ya jawo ruwan kunne. Masu ƙwaƙular kunne a kasuwa da tsinke ma kada ki bari su taɓa shi.

Ya sauke sauti ƙasa da kashi 60 cikin 100, ya riƙa cire abin sauraron da yake toshe kunne da shi bayan kowace awa. Ki kai shi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a yi masa gwajin ji. Ɓarnar ƙara takan fara bayyana a siraran sautuka, wajajen hertz 4,000 (hertz ma'aunin kaifin sauti ne), tun kafin a lura a gida.