Mun kunna murhun gas a motar kwana don kaya su bushe, muka tashi da ciwon kai

Tambaya:

Assalamu alaikum Injiniya. Ni da maigidana da yaronmu ɗan shekara 9 muna da motar kwana, irin mai gado da madafa a ciki. Da ita muke fita lokacin hutu, mu hau tsauni da ƙafa, wata rana kuma mu zaga da keke. A fitarmu ta baya sai da aka kwana uku ruwa bai ɗauke ba, kayanmu duk suka jiƙe. Maigidana ya ga wani bidiyo, sai ya kifa tukunyar yumɓu a kan murhun gas, ya rufe tagogi, muka rataye kayan, ya bar wutar kamar awa biyu kafin mu kwanta. Da safe ni da shi muka tashi da ciwon kai mai tsanani, yaron kuma ya yi amai. Shi ya ce gajiya ce da sanyin tsauni. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Muna shirin wata fitar ta kwana goma, kuma an ce ruwa za a yi. Sanyin ne ya yi mana haka? Yaya kuma za mu riƙa busar da kaya?

Amsa:

Wa alaikumus salam Malama. Gara da hankalinki ya ƙi kwanciya. Mutum uku a mota ɗaya a rufe, wuta na ci awa biyu, kuma dukansu su wayi gari da ciwo lokaci guda, wannan a wurina gubar kabon monoksayid ce, wata iska mai kisa da wuta ke fitarwa. Gajiya ba ta kama mutum uku da alama iri ɗaya a dare ɗaya. Ku gode wa Allah da maigidanki ya kashe wutar kafin barci ya ɗauke ku. Idan har yanzu wani a cikinku yana fama da ciwon kai, ko mantuwa, ko rashin natsuwa, musamman yaron, ku ga likita ku faɗa masa abin da ya faru dalla-dalla, domin illar wannan guba takan ɓullo a ƙwaƙwalwa bayan kwanaki ko makonni. Idan kina da juna biyu, ki je ko da kina jin lafiyarki ƙalau.

Duba gas da hita a irin waɗannan motoci shi ne sana'ata, kuma da wuya mako ya wuce ban ci karo da wannan tukunyar yumɓun ba. Na gaji da ita. Tukunyar ba ta ƙara ɗumi ko kaɗan, domin zafin da ke cikin gas ɗin da aka ƙona shi ke nan, ko an kifa tukunya ko ba a kifa ba. Abin da take yi shi ne ta danne harshen wutar, ta tare masa iska, ta kuma sanyaya shi inda ya taɓa jikinta. Wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba ba ta ƙone gas ɗin har ƙarshe, kuma daga wannan ragowar ƙonuwar gubar take fitowa. Ga kuma tagogi a rufe, a cikin motar da ba ta kai rabin ɗakin kwana na gida ba. Oksijin na raguwa, ƙonuwar na ƙara lalacewa, gubar na ƙaruwa. Wanda ya ɗauki bidiyon ya haska wa duniya tukunyarsa na minti biyar ya kashe kyamara, bai kwana a ciki da ɗansa ba.

Idan na faɗi haka, amsa uku nake ji kullum. Ta farko, ai da akwai matsala da mun ji wari. Warin da kuka sani na gas, sinadari ne da ake zubawa da gangan don a gane in tukunyar gas tana yoyo. Kabon monoksayid ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari, ba ta sa ido hawaye. Ta biyu, ai harshen wutar shuɗi ne. Gaskiya ne harshe rawaya mai lilo da baƙin hayaƙi a gindin tukunya alamar matsala ne, amma shuɗin harshe a minti na farko bai ba da tabbacin komai a awa ta biyu ba, balle harshen da aka ɓoye a ƙarƙashin yumɓu ba mai ganinsa. Ta uku, ai na ɗan sassauta taga. A daren da ake ruwa babu iska, tagar da aka buɗe faɗin yatsa biyu ba ta sauya iskar mota, kuma na san da zarar feshi ya fara shigowa kan gado wani zai miƙa hannu ya ja ta.

Abin da ya sa wannan guba take yaudarar masu hawan tsauni shi ne alamominta da na gajiya kamar an tsaga kara. Tana kama himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, sai jini ya riƙa zagayawa ba ya ɗauke da abin da ƙwaƙwalwa da zuciya suke buƙata. Mutum ya ji ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya, barci na fizgarsa. Wanda ya wuni yana tafiya cikin ruwa, me zai ce? Zai ce na gaji ne, bari in kwanta. To kwanciyar ita ce hallakar. Kuma gubar takan fara taɓa tunani, har ta kai mutum yana jin wani abu ba daidai ba amma ya kasa tashi ya buɗe ƙofar da ke gabansa. Yara sun fi saurin kamuwa saboda numfashinsu ya fi na manya sauri, shi ya sa yaronki ne ya kai ga amai.

Abin takaicin, ko busar da kayan ma dabarar ba ta yi. Duk kilo ɗaya na gas da aka ƙona yana sakin ruwa sama da lita ɗaya da rabi a cikin iska. Wato kuna ƙara wa motar tururi ne a kan wanda jiƙaƙƙun kaya da numfashinku suke fitarwa. Na tabbata da safen nan kun tarar da gilasai suna zubar da ruwa, bargo ya yi sanyi, safa kuma tana nan jagab. An gudu ba a tsira ba.

Kwanan baya aka kawo mini wata mota, mai ita yana ƙorafin danshi. Na ɗaga kai na ga kafar iskar rufi an liƙe ta da salatif. Na durƙusa na duba hudar da ke ƙasan akwatin tukunyar gas, sai ga tsohuwar safa an cusa a ciki, wai sanyi ke shigowa ta nan. Saman murhun kuwa silin ya yi dabbare-dabbaren baƙi. Wannan hudar ta ƙasa an yi ta ne saboda gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya yi yoyo ya zube waje. Kafofin sama da na ƙasa kuma an ƙera su ne su zauna a buɗe dare da rana, ko ana ƙanƙara. Ban bar mutumin ya tafi ba sai da ya cire su da hannunsa a gabana.

Gawayi ya fi murhun gas muni. Kada a shigo da shi mota, ko tanti, ko rumfar da aka kafa a jikin mota, ko da an ga kamar ya mutu. Garwashin da ya daina hayaƙi yana ci gaba da fitar da gubar sa'o'i da dama. Haka barin inji yana aiki a tsaye don a samu ɗumi, haka janareta a kusa da taga.

Ɗumin da ya dace a motar kwana shi ne na hitar da wutarta ke rufe ruf, tana jawo iskar ƙonuwa daga waje, tana mayar da hayaƙinta waje, irin na Truma ko Webasto ko Eberspächer, ko hitar lantarki in kun sauka a sansanin da ke da wuta. Amma sunan kamfani ba ya ceton kowa idan ɗan baranda ne ya ɗaura ta. Ina ganin aikinsu: bututun hayaƙi ya ƙare a tsakiyar ƙasan mota, daidai saitin wata huda, ko an bar ramin da aka fasa a daɓe ba a toshe gefensa ba. A kai wa ƙwararre ya duba duk shekara, kuma in kun tsaya ku leƙa ku tabbatar taɓo bai toshe bakin bututun ba, rumfa kuma ba ta rufe shi ba.

Kafin ku sake kwana a motar nan, ku sayi na'urar gargaɗin kabon monoksayid. Ta hayaƙi daban ce, ba ta jin wannan gubar. Ku nemi wadda aka rubuta EN 50291-2 a jikinta, ita ce aka gwada don motoci da jiragen ruwa, tana jure girgiza da danshi. A ƙa'idarta, idan gubar ta kai kashi 50 cikin miliyan za ta yi kuka tsakanin minti 60 zuwa 90, a kashi 100 tsakanin minti 10 zuwa 40, a kashi 300 kuwa cikin minti 3. Ku maƙala ta kusa da inda kuke kwana kamar yadda takardarta ta nuna, kada a ajiye ta a ƙasa, domin wannan gubar nauyinta kusan ɗaya da iska, gauraya take yi. Tana da ranar ƙarewa a bayanta, ku duba. In ta yi kuka, kowa ya fita nan take ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, a rufe gas daga kan tukunyar gas ɗin, a bar ƙofofi a buɗe, a kira agajin gaggawa, a ƙasashen Turai lambar 112 ce. A asibiti ku ce a auna gubar a jini, domin ɗan abin auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa yakan nuna komai lafiya alhali ba haka ba ne. A iskar waje sai an yi awa 4 zuwa 6 kafin rabin gubar ya bar jini, da oksijin na asibiti kuwa bai wuce awa ɗaya da rabi ba.

Batun bushewa kuwa, gaskiyar ita ce a tafiyar kwana goma cikin ruwa kayan hawa ba za su bushe ƙayau ba, kuma ba dole ne su bushe ba. Kowa ya raba kayansa biyu. Akwai na mota, waɗanda ba sa fita waje ko da wasa, a ɗaure su a leda. Akwai na tsauni, waɗanda za a mayar da safe ko da ɗan laima, minti goma na tafiya jiki zai ɗumama su. In kun dawo ku tuɓe a bakin ƙofa, a matse, a naɗe a tawul a taka shi da ƙafa, a rataye kusa da kafar rufi, hita na aiki. Ɗumi shi kaɗai ba ya busarwa, sai tururin ya samu hanyar fita. Takalma a cire shimfiɗar ciki, a cusa musu tsohuwar jarida, a sauya ta kafin barci. Kada a jingina su da bakin hita, gam ɗinsu zai saki. Duk bayan kwana uku ku sauka a sansanin da ke da injin busar da kaya.

Sanyin tsauni da maigidanki ya ambata shi ma yana kisa, sai dai kamanninsa daban ne. Yana farawa da makyarkyata, sai tuntuɓe, sai magana ta fara harɗewa, yatsu su kasa jan zif, a lokacin zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35. Ba sai da ƙanƙara ba, ruwa da iska sun isa, domin ruwa yana janye zafin jiki fiye da iska kusan sau 25, kuma duk hawan mita 1,000 sanyi na ƙaruwa da kamar digiri 6 da rabi. A watan Mayun 2021 masu tseren tsauni 21 suka mutu a lardin Gansu na ƙasar Sin, bayan ruwa da iska mai ƙarfi sun rutsa da su cikin 'yan kayan gudu marasa kauri. A 1964 ma matasa uku 'yan sikawut sun rasu haka a gasar tafiya a tsaunukan Dabisha na Ingila. Ku bar auduga da wandon jins a mota, ku sa ulu ko poliyesta, rigar ruwa da wandonta a sama, da hula da safar hannu ta biyu a leda. Rafin da kuka tsallaka da safe yana iya cika kafin la'asar, kuma ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babba, balle yaro. In hazo ya rufe ƙololuwa, ku juya, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

A kan keke gangara ce wurin sanyi: an hau da gumi, a sauko ba a tuƙi, iska na dukan ƙirji. Ku sa rigar sama tun kafin ku fara saukowa. Birkin da ke kama gefen wili ba ya ci nan take in ya jiƙe, a fara matsa shi da wuri, a kuma kauce wa farin fentin titi da murafun ƙarfe a kan kwana. Motar ita ma kada a ajiye ta a jiƙaƙƙiyar ciyawa ko a bakin rafi.

Maigida kuma, ga saƙona gare ka, tunda na san za a nuna maka. Na san niyyar kirki ce ta sa ka, iyalinka kake so su ji ɗumi. Amma iyalin nan amana ne a hannunka, kuma kada in ji an ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa a kan abin da mutum ya kunna da hannunsa. Ka fitar da tukunyar yumɓun nan daga motar yau. Ka ɗauki tocila ka bi kafofin iska ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, ka cire duk abin da aka toshe su da shi. Murhu na girki ne kawai, taga a buɗe, kana tsaye a kansa. In na'urar gargaɗin ba ta iso ba kafin ranar tafiya, a ɗaga tafiyar har ta iso, a danna maɓallin gwajinta a gaban yaron don ya san kukanta.